Daga Littafin Haraji Zuwa Kwamfuta a Ƙasar Dutse

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, Dutse ta zama gunduma ƙarƙashin En'e ta Kano, lissafin haraji kuwa ya koma a rubuce. Sunayen magidanta suna littafi guda, ƙidayar shanun jangali tana wani. Idan hakimi ya nemi sanin wanda ya biya haraji amma bai biya jangali ba, tilas malami ya jera littattafan ya bi su suna-suna. A nan haɗarin yake: Audu biyu a ƙauye ɗaya, sai a saki mai bashi, a kama wanda ya biya.

Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, amma larurar gwama lissafi ba ta gushe ba. Tun a 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya kawo dabara, watau kowane jadawali ya zauna daban, lamba guda ta ɗaure shi da ɗan'uwansa. Daga nan harshen SQL ya samo tushe.

Dutse ta zama hedkwatar Jihar Jigawa a 1991, ma'aikatanta kuma suka gaji tambayar hakimi. Kwamfuta tana amsa ta cikin ƙiftawar ido. Amma in akawu ya shigar da lamba bisa kuskure, Audun da ya biya shi za ta sake kamawa.