Fetchmail

Fetchmail manhaja ce ta kyauta da ake amfani da ita a kwamfutoci masu tsarin Linux da sauran dangin Unix. Aikinta shi ne ɗauko saƙonnin imel daga sabar da ke nesa, ta hanyar POP3 ko IMAP, ta miƙa su ga akwatin saƙon mai amfani.

Tarihi

Asalinta manhajar popclient ce, wadda Carl Harris ya rubuta. A shekarar 1996 Eric S. Raymond ya karɓi ragamar kula da ita, ya faɗaɗa ta, ya sauya mata suna. Da ita ya kafa misali a maƙalarsa ta 1997, The Cathedral and the Bazaar.

Yadda take aiki

Mai amfani yana rubuta sunan sabar, sunan asusunsa da kalmar sirri a fayil ɗin .fetchmailrc. Saboda kalmar sirrin da ke ciki, manhajar ba ta yarda ta yi aiki idan wasu na da izinin karanta fayil ɗin. Idan aka saka layin "set daemon 300", za ta zauna a bayan fage tana duba saƙo kowane daƙiƙa 300, wato minti 5.

Tayar da ita yayin kunna kwamfuta

Shirye-shiryen da ke tashi tare da kwamfuta galibi suna tashi ne da ikon root, babban asusun da ke iya taɓa komai. Wannan haɗari ne ga Fetchmail, domin tana karɓar bayanai daga intanet. Idan aka samu ɓaraka a cikinta, maharin zai iya mallake kwamfutar baki ɗaya, amma a asusun mai amfani na yau da kullum ɓarnar ba ta wuce fayilolinsa ba.

Hanyoyi biyu ne suka fi shahara. Ta farko ita ce cron: mutum ya buɗe jadawalinsa da umarnin "crontab -e", ya rubuta layin da ya fara da "@reboot" sannan cikakken adireshin manhajar. Ta biyu ita ce systemd, inda ake rubuta fayil ɗin sabis na mai amfani. Irin wannan sabis yana jiran mutum ya shiga asusunsa kafin ya tashi, sai dai idan an ba da umarnin "loginctl enable-linger".

A Debian akwai hanya ta uku: fayil guda, /etc/fetchmailrc, wanda sabis ɗin ke karantawa a ƙarƙashin wani asusu na musamman mai suna fetchmail.