Beli da Tsaron Jama'a a Ƙasar Daura: Wa Ake Saki, Wa Ake Tsarewa?

A ranar 1 ga Mayu 2019 'yan bindiga suka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. A shekarar ce Gwamnan Katsina Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan gyaran dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga masu garkuwa da mutane da ɓarayin shanu. Tun daga nan, wanda ya kawo zancen sassauta beli sai a ce masa: "Ai yau a kama su, gobe ka gan su a kasuwa." Ban raina wannan tsoro ba. Daga Daura zuwa iyakar Kwangwalam tafiyar 'yan mintoci ce, kuma shaidar da ya yi kiciɓis da wanda ya tona a kasuwar Mai'aduwa ba zai sake buɗe baki ba.

Hujjata ita ce sharuɗɗan belin da aka saba gindayawa ba hatsarin mutum suke aunawa ba, aljihunsa suke aunawa. Kotu kan nemi mai tsayawa ya zama babban ma'aikacin gwamnati, ko mai fili da takardar mallaka. Manomin Baure ko Sandamu gonar gado gare shi, iyakarta bishiyar kuka ce da shaidar maƙwabta, ba ta da takarda. In aka zargi ɗansa da satar akuya, sai alƙali ya ba da beli a baki, yaron kuma ya ci gaba da kwana a gidan gyaran hali, uwarsa na zirga-zirga da kwanon tuwo, damina ta wuce gonar ba noma. Shi kuwa dillalin da ke sayen shanun sata bai rasa mai tsaya masa da lauya kafin la'asar.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, sashe na 36 kuma ya ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ƙayyade umarnin tsarewa na farko ga kwana 14, ta hana kama wani a madadin wani, ta halatta wa mace tsayawa beli, kuma Katsina ta yi tata irin dokar a zamanin Masari. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar da ta mayar da gidajen yari na gyaran hali. Duk da haka, kusan kashi biyu cikin uku na fursunonin Nijeriya masu jiran shari'a ne. Babban dalili sananne ne: 'yan sanda su kai babban laifi gaban majistaren da ba shi da hurumi, a tsare mutum, fayil ya tafi Ma'aikatar Shari'a neman shawara, ya kwanta.

Wannan ba tsaro ba ne. Matashin da ya shekara a ɗaki ɗaya da riƙaƙƙun masu laifi zai fito ba sana'a, sai sababbin abokai. Kuma jama'a ba su manta cewa a sulhun da aka yi da 'yan bindiga a 2019 gwamnatin jihar ta saki wasunsu da ke tsare a musayar mutanen da aka sace ba. Ko da larura ce ta sa, talaka ya ga mai bindiga ya riga ɓarawon akuya fita.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na jihar ke bi, ya daɗe da kawo ma'aunin da ya fi wannan. Ibn Farhun a Tabsiratul Hukkam ya kasa waɗanda ake tuhuma gida uku: wanda aka sani da kirki, wanda aka sani da ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba. Hali ake dubawa, ba dukiya ba. Masarautar Daura kuwa tana da masu wannan sani, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, a duk ƙananan hukumominta biyar. A ƙananan laifuka, me zai hana kotu ta karɓi rubutacciyar shaidar mai unguwa da lamunin dattawa biyu a madadin takardar fili?

Za a ce mai unguwa ma ɗan Adam ne, yana da 'yan gaban goshi, ana iya saye shi. Gaskiya ne, shi ya sa shaidarsa za ta zama abin da alƙali zai auna a buɗaɗɗiyar kotu, wanda ya yi ƙarya kuma a hukunta shi. Wanda ake zargi da garkuwa ko kai wa 'yan bindiga rahoto a hana shi beli, amma bisa dalilin da aka rubuta, tare da wa'adin da mai gabatar da ƙara zai kawo shaidunsa gaban Babbar Kotu. In wa'adin ya cika fayil bai dawo ba, a kira jami'in da ke riƙe da shi ya yi wa alƙali bayani.