Silimar Hauka: ko ta cancanci sunan da ta yi?

Jama'ar Sanam da sauran ƙasar Kurfai, akwai wata silima da ta yi suna ƙwarai a Turai da Amurka. Tsawonta kamar rabin awa ne. Ana nuna ta a manyan makarantu tun fiye da shekara 60. Masu kallo da yawa sukan rufe ido don tsoro. Sunanta da Faransanci Les Maîtres fous, wato mahaukatan iyayengiji. A ƙasar Gana aka ɗauke ta, amma tushen abin da ke cikinta nan ƙasarku yake.

Bari mu fara daga tushen. A shekarar 1925, a garin Shikal kusa da Filinge, wasu baƙin iskoki suka hau kan wata mata mai suna Shibo. Masu bori ba su taɓa ganin irinsu ba. Wanda suka hau sai ya miƙe kamar soja, ya sara, ya yi maci, ya riƙa ba da oda da harshe mai kama da na Nasara. Hausawa suka sa musu suna Babule. Waɗansu kuma suka ce Hauka, kuma sunan nan ne ya bi duniya.

Ku tuna yadda zamanin yake. Nasara ya kafa bariki a Filinge. Ga lanho, ga aikin tilas, ga ɗibar samari zuwa soja. Sarkin da Nasara ya ɗora wa Kurfai, Gado Namalaya, shi ke tara duk wannan. Talakawa sun gaji. Sai samari da ƴan mata suka riƙa bin Shibo gari gari. Suka ƙi biyan lanho, suka ƙi zuwa aikin tilas, suka daina jin maganar sarki.

Kumandan na Yamai a lokacin sunansa Crocicchia. Ya sa aka kamo musu wajen mutum 60, aka kai su Yamai aka kulle. Yadda aka ba da labari, kwana uku aka hana su abinci, aka yi ta dukansu sai sun ce babu wani abu wai shi Hauka. To, kun san abin da ya biyo baya? Ba a daɗe ba sai ga sabon iska ya bayyana, sunansa Kumandan Mugu. Mutumin da ya so ya kashe Hauka, shi kansa ya zama ɗaya daga cikinsu. A 1927 rigima ta sake tashi a Kurfai. Aka turo sojoji, aka kama manyan Babule, aka kore su nesa da gida.

Iskokin ba su tsaya ba. Samarin da ke tafiya Kurmi neman kuɗi suka tafi da su har Ankara, babban birnin Gana, wadda lokacin take hannun Ingilishi. Can ne wani Bafaranshe, Jean Rouch, wanda ake faɗi Jan Rush, ya same su. Ya san Nijar, don tun 1941 ya zo aikin hanya. Masu Hauka sun ga wata silima da ya yi kan farautar dorina a kogin Kwara, sai suka ce ya zo ya ɗauki babban taronsu na shekara. Ranar 15 ga Agusta 1954 ya bi su daji, gonar shugabansu Muntyeba. Abokinsa Damure Zika ya taya shi ɗaukar murya.

Me ke cikin silimar? Lebura ne da ƴan dako da ƴan tireda, yawancinsu Zabarmawa da sauran mutanen arewa. Ana goge, suna zagayawa. Can sai jikin ɗaya ya fara rawa, ido ya juye, kumfa ta cika baki. Wannan ya zama Kafaran Gardi. Wancan ya zama Gwamna. Ga Janar, ga Laftanan, ga matar likita, ga direban jirgin ƙasa yana kai da kawowa. Suna riƙe da bindigogin katako. Suna kanga wuta a jiki don a ga ba mutane ba ne yanzu. Daga baya suka yanka kare, suka dafa, suka tsoma hannu cikin tafasasshen ruwa suka ci. Nan ne masu kallo ke kau da kai. Babu ɗan wasa ko ɗaya a ciki, kuma wannan ne ya sa ta fi silimar dodanni ban tsoro.

Da aka fara nuna ta a Paris, a gidan tarihin da ake kira Musée de l'Homme, sai gardama ta kaure. Malamin Rush da kansa, Marcel Griaule, ya ce a lalata ta. Ɗaliban Afirka da ke wurin suka fusata. Suka ce Turawa za su kalla su ce ga shi nan, baƙar fata dabba ne. Ingilishi kuma suka hana nuna ta a Gana, don sun ga gwamnansu ake kwaikwayo. Duk da haka a 1957 ta ci lambar yabo a bikin silima na Venise, a Italiya. A 1965 Usman Samben, babban mai silima na Senegal, ya gaya wa Rush a gabansa cewa yana kallon mutanen Afirka kamar mai kallon ƙwari.

Masu yabonta suna da tasu hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Akwai wurin da aka fasa ƙwai a kan gunkin gwamna, ruwan ƙwan ya gangaro. Nan take Rush ya nuna gwamnan Ingilishi na gaske, da farin gashin tsuntsu a kan hularsa, sojoji suna yi masa fareti. Ko wanda bai yi lakwal ba zai gane. Masu Hauka sun zauna sun lura da Nasara sarai: tafiyarsa, tsawarsa, yawan taronsa na shawara, yadda babba ke wulaƙanta ƙarami. Sai mai kallo ya tambayi kansa, su wa ne mahaukatan, masu kumfa a baki ko iyayengijin da ake kwaikwayo? A 1954 ba kowane Bature ne zai yarda ya yi wannan tambaya ba. Kuma da bai ɗauka ba, da yau ba mu da hoton taron nan ko ɗaya mai motsi irin wannan.

Ni dai a ganina ta cancanci a ajiye ta, a kuma kalle ta. Amma sunan da ta yi ya fi abin da ta koyar. Dalilina ke nan. A ƙarshenta Rush ya nuna mutanen nan washegari, sun koma bakin aiki suna murmushi. Waɗansu suna haƙa ramin famfo a gaban asibitin mahaukata na Ankara. Ya ce mai yiwuwa taron nan magani ne da ke hana su taɓuwa. Wato ya mai da abin ciwon zuciya da maganinsa. Ku kuwa kun ji yadda aka fara. Mutanen Shikal ba jinya suka fita nema ba. Lanho suka ƙi biya, sarki suka bijire wa, kurkuku suka shiga. Aikin tilas ɗin da suka ƙi a 1925, sai a 1946 Faransa ta soke shi. Silimar ta ba kare da kumfa lokaci mai tsawo, ba ta ba wannan labari ba. Sai a 1975 wani masanin tarihi, Finn Fuglestad, ya rubuta shi filla-filla.

Na san malamanmu ba su yarda da bori ba, kuma da yawa daga cikinku ba za su so ganin ana cin kare ba. Ba a ce ku yarda da iskokin ba. Tarihin dai naku ne, kakanninku ne aka ɗaure.

Rush ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni ranar 18 ga Fabrairu 2004, aka binne shi a Yamai. Silimarsa tana nan, har a wayar salula ana iya samunta. In Allah ya sa kun gan ta, ku lura da kyau. Cikin masu maci akwai Kumandan Mugu. Mai kallo a Paris bai san ko wane ne ba. Ku tambayi tsofaffin Kurfai abin da iyayensu suka gaya musu a kansa, da kuma a kan Shibo, wadda ba a ambaci sunanta a silimar ba.