Kuɗin makarantar gwamnati da yaran da suka ƙetaro iyaka

Yau tarihi zan ɗan taɓa, a kan tambayar da iyayenmu baƙi suka daɗe suna yi: shin ɗan baƙo yana da rabo a kuɗin da gwamnati ke kashewa a makaranta?

Mahaifina ɗan kasuwa ne, daga ƙasar Maraɗi ya zo Mutum Biyu, a nan aka haife ni, a nan na gama sakandare. To amma a Taraba kalmar baƙo tana da wuyar sha'ani. Kafin ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, Gashaka da Mambila suna cikin Kamarun Arewa ne, ƙasar amana ta Majalisar Ɗinkin Duniya a hannun Ingila. Ranar 1 ga Yuni 1961 suka shigo Nijeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna. Wato yaron Gembu yana zaune a ajinsu ya zama ɗan Nijeriya.

A zamanin En'e daga baitulmali ake biyan malaman elementare, kuɗin kuwa harajin talakawa ne da jangali. Hakimi da dagaci ke kawo yara, wanda ya gudu a aika dogari ya kamo shi. Dattawa suna ba da labarin cewa da yake ana ƙyamar boko, sau da yawa ɗan talaka da ɗan baƙo ake tura wa, a ɓoye 'ya'yan gida. Lokacin babu mai tambayar asalin yaro.

Da aka buɗe shirin UPE a 1976 an ce firamare kyauta ce, yaran unguwa kowa ya shiga. Sai 1983, gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, yara da yawa suka bar karatu a tsakiya suka bi iyayensu.

Abin da ya fi shafarmu shi ne dokar UBE ta 2004. Ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, jiha kuma sai ta ajiye nata rabin kafin ta karɓa. Ta ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro, ba ta ce sai ɗan ƙasa ba. Uban da ya ƙi kai ɗansa, a ja masa kunne, in ya sake tarar naira 2,000 ko wata 1 a gidan yari. Ni dai ban taɓa ganin wanda aka ci wannan tara ba. Abin da na gani shi ne yaron da ya bi babansa gida da damina, ya dawo bayan kaka, sunansa na nan a rajista, babu malami ko mai duba makarantu da ya bi sawunsa.

Daga 2017 kuma 'yan gudun hijirar Kamaru suka shigo Takum da Kurmi da Sardauna da yaransu. A 2023 Gwamna Agbu Kefas ya ce firamare da sakandare kyauta ne a jihar nan.

Inda ƙofa ke rufewa shi ne gaba da sakandare. Tallafin karatu na jiha sai da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ɗan Kano ma da aka haifa a Gassol yana shan wuya kafin ya samu, balle mu. Alhali iyayenmu sun shekara da shekaru suna biyan kuɗin rumfa a kasuwar nan.