Brawn GP

Brawn GP ƙungiyar tseren motoci ce ta Birtaniya da ta fafata a Formula One, gasar motoci masu kujera ɗaya waɗanda tayoyinsu ke fili, ba rufi. Kaka ɗaya tak ta yi, ta 2009, amma ta kwashe kambunan gasar biyu: na direbobi da na masu ƙera motoci.

A watan Disamban 2008 kamfanin Honda na Japan ya janye daga gasar saboda karayar tattalin arzikin duniya. Shugaban ƙungiyar tseren Honda, Ross Brawn, ya saye ta a watan Maris na 2009, ta koma Brawn GP, ya ci gaba da aiki a masana'antarta da ke Brackley a Ingila, ya sanya wa motar injin Mercedes.

Motar, BGP 001, ta zo da wata dabara a ƙasan bayanta, wadda ke sa iska ta danne ta kan kwalta a kwana. Direban ƙungiyar Jenson Button ya lashe shida cikin tsere bakwai na farko, ɗayan direbanta Rubens Barrichello ya ƙara biyu a Valencia da Monza. An tabbatar da kambunan a Brazil ranar 18 ga Oktoba.

A Nuwamban 2009 kamfanin Mercedes ya sayi kaso mafi tsoka na ƙungiyar, ta koma Mercedes GP a 2010.