Matan Evanston Bayan Faɗuwar Dokar Hana Giya

A ranar 5 ga Disamba, 1933, sa'ad da jihar Utah ta zama ta 36 da ta amince da gyara na 21 ga tsarin mulkin Amurka, dokar da ta haramta yin giya da sayar da ita a faɗin ƙasar tun watan Janairun 1920 ta faɗi. Kuma galibin masu ba da tarihi a nan suke naɗe tabarmarsu, sai ka ce matan da suka shafe shekara sittin suna fafutukar kafa dokar da kare ta sun watse a daren, kowace ta koma ɗakinta. Wanda yake son sanin haƙiƙanin abin da ya biyo baya, to ya dubi Evanston, wani gari na jihar Illinois da ke bakin tafkin Michigan, iyaka da iyaka da birnin Chicago ta arewa.

Asalin garin na masu addini ne. Mabiya ɗariƙar Methodist ne suka kafa Jami'ar Northwestern a 1851, kuma a 1855 aka ƙara wa takardar kafa ta sharaɗin cewa ba za a sayar da abin sa maye ba a cikin mil huɗu daga harabarta, ta yadda haramcin ya girmi yawancin gidajen garin. A nan Frances Willard ta zauna, wadda ta shugabanci Ƙungiyar Mata Kiristoci Masu Yaƙi da Shan Giya, wato WCTU, daga 1879 har rasuwarta a 1898. Gidanta kuma, Rest Cottage, shi ya zama hedikwatar ƙungiyar a 1900. Ita ƙungiyar an kafa ta ne a Cleveland a 1874, bayan da matan ƙananan garuruwan Ohio irin su Hillsboro suka yi ta fita cikin tsananin sanyi suna durƙusawa a ƙofar mashaya da addu'a da waƙoƙin coci, har mai shagon ya ji kunya ya rufe. Dalilinsu kuwa ba ɓoyayye ba ne ga duk wadda ta taɓa jiran miji ranar albashi: a zamanin da mace ba ta da ƙuri'a, kuma ba ta da cikakken iko a kan dukiyar gida, kwalbar da miji ya sha a waje matarsa da 'ya'yansa ne suke biyan kuɗinta da yunwa da duka.

Abin da ya fi yi musu ciwo a 1933 shi ne, cikin waɗanda suka kayar da dokar har da mata 'yan'uwansu. Pauline Sabin, attajira daga New York, ta kafa ƙungiyar mata masu neman soke haramcin a 1929, tana kafa hujja da cewa mafsadar da dokar ta haifar ta rinjayi maslaharta, alhali ga Al Capone da yaransa suna zubar da jini a kan cinikin giyar sumoga a Chicago, maƙwabciyar Evanston. Sa'an nan karayar tattalin arziki ta sa gwamnati ƙishin harajin giya. A cikin wannan hali ne Ida B. Wise Smith, 'yar jihar Iowa, ta karɓi shugabancin WCTU a 1933, ta riƙe shi har 1944.

Matan suka koma ga abin da suka fara da shi, wato unguwa, da coci, da makaranta, tare da makami guda da iyayensu mata ba su samu ba, ƙuri'ar da aka ba matan Amurka a 1920. Da yake sabon gyaran ya mayar da hukuncin giya hannun jihohi, Illinois kuma ta bar wa kowane gari zaɓinsa, mutanen Evanston suka kaɗa ƙuri'a a 1934 suka zaɓi garinsu ya ci gaba da zama babu mashaya. Membobin ƙungiyar suka dawwama a kan al'adunsu: farin ƙyalle a ƙirji alamar tsarki, addu'a da tsakar rana, ɗaukar alkawari daga yara cewa ba za su kusanci abin maye ba, da buga mujallarsu The Union Signal. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sun nemi a hana sayar da giya kusa da barikokin soja, bayan yaƙin kuma suka yi ta kai kukansu gaban majalisar ƙasa a kan a hana tallar giya a jaridu da rediyo. Duka biyun ba su samu biyan buƙata ba.

A ganina, a nan ne darasin lamarin yake, kuma mai karatu Musulmi, wanda ya san cewa haramcin giya a Alƙur'ani ya sauka ne daki-daki bayan an tarbiyyantar da zukata, ba zai yi mamakinsa ba. Dokar da aka ɗora wa ƙasa baki ɗaya, alhali rabin jama'a ba su gamsu ba, ba ta cika shekara goma sha huɗu ba. Amma hanin da mutanen gari guda suka yarda da shi bisa raɗin kansu ya ƙara kusan shekara arba'in. Ba na cewa kowa a garin ya daina sha, domin wanda ƙishi ya dama yakan tsallaka titin Howard zuwa ɓangaren Chicago, inda mashayu suke jere. Sai dai uwa a Evanston ta yi renon 'ya'yanta ba tare da mashaya a bakin layinta ba, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Zamani ne ya juya wa matan ƙungiyar baya sannu a hankali. Tun daga kafuwar ƙungiyar Alcoholics Anonymous a Akron a 1935, jama'a suka fara kallon mashayi a matsayin majinyaci mai buƙatar magani, suka rage ɗora laifi a kan kwalba da mai sayar da ita. Masanin zamantakewa Joseph Gusfield, a littafinsa Symbolic Crusade na 1963, ya nuna yadda matan likitoci da na manyan gari, waɗanda a da su ne ginshiƙin ƙungiyar, suka ja da baya, aka bar ta a hannun mata masu ƙaramin ƙarfi da duniya ta mayar abin ba'a. Lalle wannan ba'a zalunci ce ga mutanen da suka tsaya da istiƙama a kan abin da suka gaskata bayan an daina yaba musu. Jihohin da suka rage da haramcin giya su ma suka sallama ɗaya bayan ɗaya: Kansas a 1948, Oklahoma a 1959, Mississippi a 1966.

Daga ƙarshe kasuwa ce ta yanke hukunci, domin masu otal da gidajen abinci sun daɗe suna kukan cewa ciniki yana gudu zuwa garuruwan maƙwabta. A 1972 majalisar garin Evanston ta halatta musu sayar da giya ga baƙinsu, kuma a 1984 aka buɗe kantin giya na farko a garin.