Baki da Ƙafa: Ina Gaskiyar Bambancin Yara Maza da Mata?

A gidajenmu kusan an yi ittifaƙi cewa 'ya mace ta fi saurin baki, ɗa namiji kuma ya fi saurin ƙafa. Matsayin wannan maƙala shi ne rabin zancen ba shi da tushe, ɗaya rabin kuma an zuzuta shi fiye da kima.

Batun ƙafa ba ya buƙatar dogon bayani. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bibiyar jarirai a Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, tun daga zama da rarrafe har zuwa tafiya. Ba ta sami wani tsayayyen bambanci tsakanin maza da mata ba. Abin da ta samu shi ne faɗin tazara tsakanin yaro da yaro: wani lafiyayye ya taka tun yana wata 8, wani sai ya haura wata 17. To daga ina zaton ya fito? Binciken Mondschein da Adolph da Tamis-LeMonda na 2000 ya ba da haske. Sun nemi iyaye mata su kintaci gangaren da jariransu 'yan wata 11 za su iya saukowa da rarrafe. Iyayen maza suka kai kintacensu sama, iyayen mata suka rage, alhali da aka gwada yaran, kunnen doki suka yi. Ashe bambancin a idon uwa yake.

Na baki kuwa da ƙamshin gaskiya. Eriksson da abokan aikinsa, a 2012, sun duba yara fiye da 13,000 masu tasowa da harsunan Turai 10, suka ga mata sun ɗan sha gaba wajen nuni da hannu, da yawan kalmomi, da haɗa su. Sai dai fifikon na jimilla ne, kuma ɗan kaɗan. Akwai maza da yawa da suka fi galibin mata surutu. Janet Hyde ta tattara manyan nazarce-nazarce 46 a 2005, ta nuna kashi 78 cikin 100 na bambance-bambancen ɗabi'a da basira da aka auna ƙanana ne ko kusan babu.

Ba a musanta rawar halitta, amma raino ma na da tasa. Carol Ember ta lura a 1973, a tsakanin Luo na Kenya, cewa yara maza da aka ɗora wa aikin mata saboda babu 'ya mace a gidan sun fi takwarorinsu ƙarancin faɗa. Wannan abin dubawa ne a ƙasar Hausa, inda yarinya ke fara goyon ƙane da zuwa aike tun tana ƙarama, tana cikin hirar manya, namiji kuwa yana waje da sa'o'insa.

Illar zuzutawar a aikace take. Jinkirin magana da lalurar otizim sun fi yawa ga maza, amma su ne ake wa uzuri da “ai namiji ne, zai yi.” Duk yaron da ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, namiji ne ko mace, a kai shi asibiti a fara duba jinsa.